Gwamnati, siyasa da manyan kamfanonin fasaha: tambayoyin da mutanen Kaduna ke yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan tasowa a majalisun hira, da shagunan gyaran waya, da tsakanin ɗaliban KASU da Kadpoly, duk sa'ad da aka ji an ci tarar Facebook, ko an ƙara kuɗin data, ko wata sabuwar manhajar ƙirƙirarriyar basira (AI) irin ChatGPT ta fito. Amsoshin sun dogara ne da abin da ya gudana zuwa ƙarshen 2025.

Me ya haɗa mai shagon waya a Kaduna da dokar da aka yi a Turai ko Amurka?

Ya duba bakin cajar wayoyin da ke cikin gilashinsa zai ga amsa. Shekara da shekaru iPhone tana da nata bakin caja na daban, wanda ba ya shiga Tecno balle Samsung, shi ya sa mai cajin waya a tashar Kawo sai ya tanadi igiyoyi kala-kala a kan teburinsa. A 2022 Tarayyar Turai ta yi doka cewa daga ƙarshen 2024 duk wayar da za a sayar a ƙasashenta sai ta zo da baki iri ɗaya, wato USB-C. Kamfanin Apple ya yi ta ƙorafi, amma da iPhone 15 ta fito a 2023, da sabon bakin ta zo. Bai ƙera ta Turai daban ta sauran duniya daban ba, domin yin haka tsada gare shi. Dokar da ba wanda ya nemi shawararmu a kanta, ga ta nan a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi.

Huawei kuma, kamfanin wayoyi na ƙasar Sin, akasin haka ya same shi. A 2019 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin kamfanonin da ba a yarda kamfanoninta su yi hulɗa da su ba sai da izini, sabbin wayoyinsa suka daina zuwa da Play Store da Gmail da YouTube. Wayar ba ta lalace ba, kyamararta tana nan da kyanta, amma mai saye ya kai gida ya ga babu inda zai sauke manhajojin da ya saba, washegari ya dawo shago da ita a kwalinta.

Kamfanin da ya fi gwamnatoci da yawa kuɗi, wace gwamnati ce za ta iya tanƙwara shi?

Wadda yake tsoron rasa kasuwarta, ko wadda yake zaune a cikin ƙasarta. Ɗan kasuwa ne, inda ya fi ciniki nan yake jin magana.

Turai ba ta da kamfani irin Google ko Meta, mai Facebook da Instagram da WhatsApp, amma tana da mutum kusan miliyan 450 masu abin hannu, don haka makaminta doka da tara. Dokarta ta kare bayanan jama'a ta fara aiki a 2018, kuma da ita aka ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 a 2023. Dokarta ta ƙirƙirarriyar basira ta fara aiki ranar 1 ga Agusta 2024, ana aiwatar da ita daki-daki, kuma tarar da ke cikinta tana iya kaiwa kashi 7 cikin 100 na cinikin kamfani na duk duniya a shekara.

Sin ba ta ja da nisa. Facebook da Google da YouTube duk a toshe suke a can, wannan ne ya bai wa kamfanonin gida fili suka girma. Su ma na gidan ba a bar su sakaka ba. A ƙarshen 2020 attajiri Jack Ma ya soki hukumomin kuɗi a bainar jama'a, cikin 'yan kwanaki aka dakatar da sayar da hannun jarin kamfaninsa na Ant, shi kuma aka daina ganinsa na tsawon watanni. A 2021 aka ci Alibaba, babban kamfanin kasuwanci ta intanet da ya kafa, tarar kusan dala biliyan 2.8.

Amurka ce mai wuyar sha'ani, domin kamfanonin 'ya'yanta ne. Wata doka ta 1996, wadda aka fi sani da Sashe na 230, ita ta kare su daga ɗaukar alhakin yawancin abin da mutane ke wallafawa a shafukansu. Ba don ita ba, da ƙararraki sun hana Facebook rarrafe tun yana jariri. Gwamnati kan kai su kotu, amma da wuya a ga an yi musu dukan da zai karya su. A Agusta 2024 wani alƙalin tarayya ya yanke hukunci cewa Google ya yi babakere a harkar bincike a intanet ba bisa doka ba. Bayan shekara guda da aka zo maganar hukunci, bai tilasta masa sayar da Chrome, manhajarsa ta shiga intanet, ba kamar yadda gwamnati ta nema.

To mu Najeriya fa, muna da ta cewa?

Muna da ita, sai dai ba ta kai yadda ake kururutawa ba. An gwada hanya biyu.

Ta farko toshewa. A farkon Yuni 2021 Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari, kwana biyu tsakani ministan yaɗa labarai Lai Mohammed ya sanar da dakatar da shafin. Sai ranar 13 ga Janairu 2022 aka buɗe, bayan gwamnati ta ce kamfanin ya amince zai yi rajista a ƙasar, ya naɗa wakili, ya biya haraji. A wancan tsakanin matasa suka koyi amfani da VPN, manhajar da ke kewaye toshewa, masu talla a shafin suka tafka asara, daga baya kotun ECOWAS ta ce dakatarwar ta saɓa doka. Kafin 2022 ta ƙare Elon Musk ya saye kamfanin, ya sallami ma'aikata masu yawa, har da kusan dukkan na ofishinsa na Afirka da ke Akara.

Ta biyu tara. A Yuli 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, ta ci Meta tarar dala miliyan 220 bisa yadda yake sarrafa bayanan 'yan Najeriya, kotun sauraron ƙorafi ta tabbatar da ita a Afrilu 2025. Hukumar kare bayanai, NDPC, ta ƙara tata ta dala miliyan 32.8. Kuɗi ne masu yawa a kunnenmu. Amma cinikin Meta a 2024 ya haura dala biliyan 160, ke nan dala miliyan 220 ba ta wuce cinikin rabin yini ba a wurinsa. Kasafin kuɗin tarayya na 2025 kuwa, kusan naira tiriliyan 55, bai kai dala biliyan 40 ba.

Duk da haka kamfanin ya gaya wa kotu cewa yana iya rufe Facebook da Instagram a Najeriya. Ba kuɗin ne suka fi ci masa rai ba, sharuɗɗan ne, musamman na cewa sai ya nemi izini kafin ya fitar da bayanan 'yan ƙasa zuwa waje. In ya yarda da wannan a nan, gobe Kenya da Indonesiya za su nemi irinsa. Bai tafi ba, kuma da ma mawuyaci ne ya tafi. Amma barazanar ta tona inda rauninmu yake: muna da yawa, kuɗin tallan da ake samu a kan kowannenmu kaɗan ne, kuma da an rufe, mai sayar da atamfa da turaren wuta a Instagram daga Unguwar Rimi za ta riga Mark Zuckerberg, shugaban Meta, jin jiki.

Harajin da aka sa wa waɗannan kamfanoni, wa ke biyansa?

Mafi yawa mu ne. Tun Janairu 2022 duk wanda ya biya kuɗin talla a Facebook daga Najeriya ana ɗora masa harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100. Kamfanin karɓa yake yi ya miƙa wa gwamnati, daga aljihun mai tallan kuɗin ke fita.

Lokacin da aka katse sabis a Kaduna a 2021, gwamna ne ya kashe ko kamfanonin waya?

Babu ɗaya daga cikinsu da ke da ikon yin haka shi kaɗai. Harkar sadarwa tana cikin abubuwan da tsarin mulki ya keɓe wa gwamnatin tarayya. Jiha roƙo take yi, Abuja ta amince, hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta ba MTN da Airtel da Glo da 9mobile umarni, su kuma su kashe turakunsu, domin lasisinsu yana hannun hukumar. Haka aka yi a Zamfara a farkon Satumba 2021. A ƙarshen watan gwamnatin Malam Nasir El-Rufa'i ta bi sahu a wasu sassan jihar da 'yan bindiga suka addaba, tare da hana hawa babur na wata uku. Kafin nan an riga an rufe kasuwannin mako a Birnin Gwari da Giwa da Igabi da Chikun da Kajuru. Sai ƙarshen Nuwamba aka mayar da sabis.

Wanda ya zauna a waɗannan wurare ya san yadda abin ya kasance. An koma rubuta takarda a bai wa direba a tasha, a ce masa don Allah in ka isa ka miƙa wa mai shayin bakin masallaci, ya san gidan. Mai POS ya zauna da na'urarsa ba ta da amfani, mai son cire dubu biyar sai ya kashe dubu ɗaya a mota zuwa inda waya ke kamawa. Rasuwa ta faru a yi jana'iza ɗan mamacin da ke Legas bai ji ba. Mafi muni, in an kawo hari cikin dare babu yadda za a kira jami'an tsaro ko a gargaɗi ƙauyen gaba.

Hukumomi sun ce matakin ya taimaka wa sojoji, ya kuma toshe masu kai wa 'yan bindiga rahoto. Mai yiwuwa ya yi hakan na ɗan lokaci. Amma wata huɗu bayan mayar da sabis, ranar 28 ga Maris 2022, aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari. A ganina kashe sabis shi ne matakin da ya fi sauƙin ɗauka kuma ya fi kowane faɗa wa talaka, shi ya sa gwamnatoci ke saurin kai hannu gare shi. Haka batun haɗa layi da lambar NIN da aka fara a Disamba 2020 zamanin da Sheikh Isa Ali Pantami ke ministan sadarwa: jama'a sun sha layi a rana, an rufe layuka miliyoyi, amma masu garkuwa ba su daina kiran waya suna cinikin kuɗin fansa ba. Tattara bayanai daban, amfani da su wajen kama mai laifi daban.

Me ya sa Amurka da Sin ke faɗa a kan 'yan ƙananan ƙwaƙwalen kwamfuta?

Domin ƙirƙirarriyar basira irin ta ChatGPT ba a iska take ba. Ana horar da ita ne a kan dubban ƙwaƙwalen kwamfuta na musamman da aka jera a manyan rumbunan bayanai masu cin wuta kamar gari guda. Mafi yawan waɗannan ƙwaƙwale kamfanin Nvidia na Amurka ke tsara su, kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su, kuma injin da ake ƙera mafi ingancinsu da shi kamfani ɗaya ne a duniya ke yin sa, ASML na ƙasar Holan. Hanya ce ƙunƙuntacciya, duk wanda ya tsaya a bakinta ya tare kowa.

A Oktoba 2022 Amurka ta hana sayar wa Sin mafi ƙarfin waɗannan ƙwaƙwale, ta kuma matsa wa Holan da Japan su taƙaita sayar mata da injuna. A shekarar ta ware kusan dala biliyan 52 don a dawo da ƙera su gida. Ƙasar da ta shekara tana yi wa duniya wa'azin kada gwamnati ta sa hannu a kasuwa, a 2025 ta mallaki kusan kashi 10 cikin 100 na Intel, kamfanin ƙera ƙwaƙwalen kwamfuta.

Takunkumin bai tsayar da Sin ba. A Janairu 2025 wani kamfaninta mai suna DeepSeek ya fitar da manhajar da ta yi gogayya da na Amurka, ya ce da kuɗi kaɗan ya horar da ita, ya kuma saki ta kyauta ga mai son ɗauka ya gina a kai. A yini guda darajar Nvidia ta faɗi da kusan dala biliyan 590. Ga ɗalibin kwamfuta a ABU Zariya wannan gasa alheri ce, domin ita ke sa ana sakin irin waɗannan manhajoji kyauta. Amma a gwada tambayar DeepSeek abin da ya faru a dandalin Tiananmen a 1989, lokacin da sojojin Sin suka murƙushe masu zanga-zanga, za a ga tana kauce wa magana. Kowace manhaja tana ɗauke da dokar ƙasar da aka haife ta.

Canjin shugaba a Amurka yana canza abin da muke gani a wayoyinmu?

Yana canzawa, da sauri ma. A Oktoba 2023 Joe Biden ya sa hannu a wani umarni da ya wajabta wa masu gina manyan manhajojin basira nuna wa gwamnati sakamakon gwajin lafiyarsu. Ranar da Donald Trump ya koma mulki, 20 ga Janairu 2025, ya soke shi. A wurin rantsuwar shugabannin Meta da Amazon da Google da Tesla suna zaune a sahun gaba. Mako biyu kafin nan Zuckerberg ya sanar da daina aiki da masu tantance gaskiyar labarai a Amurka. Shi ne dai mutumin da ya rufe shafin Trump a Janairu 2021.

Akwai dokar ƙirƙirarriyar basira a Najeriya?

Zuwa ƙarshen 2025 babu doka guda da aka keɓe mata. Abin da ke akwai shi ne dokar kare bayanai da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Yuni 2023, wadda ta ba mutum haƙƙin sanin abin da aka tattara a kansa da neman a gyara ko a goge, sai daftarin manufar ƙasa kan basirar da ma'aikatar sadarwa ƙarƙashin Bosun Tijani ta fitar a 2024. Manufa kuwa niyya ce a takarda, ba a kai kowa kotu da ita.

Shin akwai inda dokar gwamnati ta taɓa amfanar talaka a wannan harka?

Akwai, kuma misalin bai yi suna kamar rikicin Twitter ba. Wanda ya taɓa samun saƙo daga baƙuwar lamba cewa wane ɓarawo ne, ya ci bashi ya gudu, ya san manhajojin bashi. Mutum ya ranci dubu goma, manhajar ta kwashe duk lambobin da ke wayarsa da hotunansa, ya yi jinkirin kwana biyu sai a tura wa surukarsa da limamin unguwarsu da shugabansa na wurin aiki. Mutane da yawa sun shiga halin da ba ya faɗuwa saboda wannan tozarci.

A 2022 FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu a Legas, ta sa aka rufe asusunsu, ta kuma wajabta rajista. Google ya sa takardar amincewar hukumar cikin sharuɗɗan shiga Play Store, sannan daga ƙarshen Mayu 2023 ya hana manhajojin bashi taɓa lambobi da hotunan da ke wayar mutum. Ba a kawar da su duka ba, wasu sun koma tura manhajarsu ta WhatsApp. Amma abin ya ragu, kuma ba a toshe wa kowa intanet ba. An nemi abu ɗaya takamaimai, wanda kamfanin zai iya yi ba tare da ya yi asara ba.

Me ya sa waɗannan manhajoji ke yin Hausa kamar baƙo? Siyasa ce?

Kasuwa ce da farko, siyasa ta biyo baya. Manhajar tana koyo ne daga rubutun da ke intanet, Hausar da ke can kuwa kaɗan ce in aka kwatanta da yawan masu magana da ita. A Satumba 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da N-ATLAS, manhajar da aka gina don Hausa da Yarbanci da Ibo da Turancin Najeriya. Mataki ne mai kyau, amma ba za ta wuce abin da aka ciyar da ita ba.

A nan Kaduna ke da abin da babu a Kalifoniya. Akwai rubuce-rubucen ajami da na boko a Arewa House, akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa reshen Kaduna, akwai kaset-kaset na shekaru aru-aru a Rediyon Najeriya Kaduna, ga kuma tsofaffin bugun jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara a Zariya a 1939. Ko za a mayar da su na kwamfuta kafin gara da ƙura su gama da su, wa zai biya, wa zai mallake su bayan an mayar, kuma da wane sharaɗi kamfanin waje zai ɗiba, duk waɗannan shawarwari ne na gwamnati. Ban ga ɗan takarar da ya taɓa hawa mumbari da su ba.

Gwamnatin jiha tana da abin yi, ko komai sai Abuja?

Ba za ta iya cin tarar Google ba, amma ƙasa a hannunta take. Duk kamfanin da zai binne wayar intanet sai ya haƙa gefen titi, kuma jihohi ke karɓar kuɗin wannan izini. An yi matsaya a kan naira 145 kowace mita, wasu jihohi suna karɓar dubbai. A 2020 Kaduna ta yafe kuɗin gaba ɗaya. Irin wannan shawara ba ta jan tafi a filin taro, amma ita ke sa kamfani ya ga ko jan waya zuwa Kafanchan ko Saminaka zai biya shi.

Sai wuta. Manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku, irin Equiano na Google da ya iso a 2022, a gaɓar kudu suke sauka, kuma yawancin rumbunan bayanai na ƙasar a Legas suke. A Oktoba 2024, bayan lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna da matsalar da ta biyo a ɗaya layin, jihohin Arewa da dama sun fi mako guda cikin duhu. Babu mai zuba jarin rumbun bayanai a inda haka ke faruwa. Tun 2023 gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki sun ba jihohi ikon kafa kasuwar wutarsu, ke nan uzurin cewa komai na Abuja ne ya ragu. Wanda ya ga yadda tsadar wuta da kwararowar yadin waje suka rufe masaƙun Kakuri ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani.

Horar da matasa da ake yi da haɗin gwiwar kamfanoni yana da amfani, sai dai a riƙa tambaya: cikin waɗanda aka ba takardar shaida, nawa ne ke cin abinci da abin da suka koya bayan shekara guda?

Zaɓen 2027 na tafe. Wa zai hana bidiyo da muryoyin bogi?

Kada a sa rai da yawa ga kowa. Kamfanonin sun fi zuba kuɗin tace bayanai a Turanci da harsunan ƙasashen da ke iya cin su tara, muryar bogi da Hausa kuwa tana iya zaga jihar kafin wani a can ya fahimci abin da aka ce. Gwamnati kuma ita ma 'yar takara ce. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi da sunan hana cin zarafi, an sha kama 'yan jarida da masu suka da shi, har kotun ECOWAS ta ce a gyara, aka yi masa kwaskwarima a 2024. Duk dokar da za a kawo da sunan yaƙi da labarin ƙarya, a fara duba wa aka ba ikon cewa wannan ƙarya ne.

Matsalar ma ta girmi ƙirƙirarriyar basira. Jaridun Birtaniya sun bankaɗo a 2018 cewa kamfanin Cambridge Analytica, mai amfani da bayanan jama'a wajen yaƙin neman zaɓe, ya yi aiki a zaɓenmu na 2015. Jita-jitar cewa Buhari ya rasu an sauya shi da wani Jubril daga Sudan ba ta buƙaci wata na'ura ba, sai da shugaban ƙasa da kansa ya fito a Folan a Disamba 2018 ya ce shi ne. Abin da sabuwar fasahar ta ƙara shi ne sauƙi: da 'yan mintoci na karatun malami ko jawabin ɗan siyasa ana iya kwaikwayon muryarsa a sa masa maganar da bai yi ba.

Kuma yawancin wannan ta WhatsApp yake yawo, inda saƙonni ke a kulle, kamfanin kansa ba ya karanta su. Abin da ya iya yi shi ne rage gudun turawa. Iyakar nan ta tura saƙo ga mutum ko zaure biyar a lokaci guda daga Indiya ta samo asali: a 2018 jita-jitar satar yara ta sa aka kashe mutane a can, gwamnatin ƙasar ta matsa wa kamfanin lamba, ya sa iyakar a Indiya, a Janairu 2019 ya shimfiɗa ta ga duk duniya.